Mainasara da Rumfar Cikin Kwamfuta

Akwai mutanen da in ba su san abu ba sai su yi shiru su koya. Akwai kuma Mainasara Sanƙira.

A Rijiyar Auta, wani gari can gefen Baure, ba a ɗaura aure ko a raɗa suna ko a buɗe rijiyar burtsatse ba tare da Mainasara ya riƙe lasifika ba. A ba shi haƙƙinsa, ya san jerin manya kamar yatsun hannunsa: wakilin Hakimi ne farko, sai Dagaci, sai Liman, sai masu unguwanni gwargwadon daɗewarsu da rawani. Shekara goma sha tara bai taɓa kiran ƙarami gaban babba ba. Da a nan ya tsaya, da an zauna lafiya. Amma irin mutanen nan ne da in sun iya ɗaure akuya sai su ce sun iya tuƙa jirgi.

Bana firamaren garin ta cika shekara hamsin, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta shirya biki, aka kuma ce da an tashi daga bikin za a zaɓi sabon sakatare. Kujerar nan ita ce ciwon Mainasara. Sau uku yana nema, sau uku yana faɗuwa. Wannan karon abokiyar takararsa Malama Zulfa ce, malamar aji shida, mace mai ƙarancin magana da yawan aiki.

Babban abin da za a nuna a bikin shi ne hotuna. Malam Kalilu, hedimasta mai ritaya, wanda har yau jan biro ba ya barin aljihunsa, ya yi wata goma sha huɗu yana bin gidaje daga Baure zuwa Dutsi zuwa Babban Mutum yana aron hotunan waɗanda suka gina makarantar. Hoto sittin da uku cif. Malama Zulfa ta ɗauke su ta shigar cikin kwamfutar ofishin hedimasta, ta tara su a folda guda, aka mayar wa kowa da nasa. Saura a haska su a bango da majigi ranar Asabar.

A taron kwamiti Malam Kalilu ya ce, "To, Malama Zulfa ita ta shigar, ita za ta nuna."

Mainasara ya ji kamar an zare masa tabarma. In Zulfa ta tsaya gaban jama'a tana sarrafa na'ura, zaɓe ya ƙare tun ba a fara ba. Ya miƙe ya gyara hula.

"Allah gafarta Malam, shigarwa daban, nunawa daban. Mai daka ba ita ke rabon tuwo a gidan biki ba. Ni nan da kuke gani na yi kwas na kwamfuta a Katsina. Kwana uku!"

"Kwana ukun da ka raka surukinka?" in ji Ikrima mai shayi, wanda ajinsu ɗaya tun aji ɗaya. "Ai ce mana ka yi a kantin abinci ka zauna."

"Kantin yana jikin ajin, ɗan nema. Duk abin da aka faɗa a kunnena aka faɗa."

Malam Kalilu ya dube shi ta saman tabarau. "Mainasara, a aji huɗu sai da ka yi zango biyu kafin ka gane gabas a taswira."

"Taswira ce ta tsufa, Malam."

Malama Zulfa ta ce a hankali, "A bar masa, Malam. Ni zan kula da zaman mata." Haka aka ba shi makullin ofis, abin da duk mai hankali a wurin ya kamata ya hana, ba wanda ya hana.

Ranar Alhamis da hantsi aka tayar da janareto. Mainasara ya zauna gaban kwamfuta cikin babbar riga, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa kamar mai shirin yanka sa. Ikrima ya jingina a tagar ofis da butarsa. Amadu Maigadi, tsohon da ke gadin makarantar tun ana rubutu a allon dutse, ya tsuguna a bakin ƙofa da gorarsa.

Mainasara ya kama linzamin kwamfuta, ya kai kibiya kan foldar da ƙyar, ya danna. Shiru. Kwamfutar tsohuwa ce, sai ta yi tunani kafin ta amsa. Shi kuwa bai saba magana a yi masa shiru ba. Ya ƙara dannawa. Ya ƙara. Ya bi ta da dannawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma.

Sai ga taga ta buɗe a fuskar kwamfutar, cike da hotuna. Sai wata a kanta. Sai wata. Kafin ya ɗauke hannu, taga goma sha ɗaya sun hau kan juna, kowace da hotunan nan sittin da uku.

"Kai!" in ji Ikrima. "Haihuwa take yi?"

"Tsaro ne," in ji Mainasara, gumi na tsatsafo masa. "Manyan na'urori haka suke. Ƙofa bayan ƙofa, kamar gidan attajiri."

Ya danna alamar da ke kusurwa, taga ta rufe, ga wata irinta sak a bayanta. Ya rufe, ga wata. A ta shida Amadu Maigadi ya fara karanta abin da ya sawwaƙa yana tofawa. A ta goma sha ɗaya hannun Mainasara ya zame, ya danna ɗan layin da ke gefe, tagar ta tsuke ta nutse ƙasan fuskar kwamfuta. Babu hoto ko ɗaya.

Mainasara ya leƙa bayan akwatin. Ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Sun zube ne?" in ji Amadu, shi ma yana dubawa.

"Hutawa suka tafi. Na sallame su."

"To kira su mana mu gani," in ji Ikrima.

Minti ashirin yana yawo da kibiya kamar makaho ya yar da sanda, kafin Allah ya sa ya taɓa wurin da tagar ta laɓe, ta yi tsalle ta dawo. Ya jingina da kujera ya ce, "Kun gani? Sai da na ga dama."

A nan ne idonsa ya faɗa kan abin da ya fi ɓatan hotuna muni a wurinsa. Na'urar ta jera mutane bisa harufan sunayensu, ba ruwanta da rawani. Hoton farko, a sahun gaba, a hannun dama na kowa, Amadu Maigadi ne riƙe da gora. Dagaci yana can tsakiya, an matse shi tsakanin mai dafa abincin yara da wani malamin wasanni. Wakilin Hakimi kuwa yana can ƙurya, sahun ƙarshe, inda ake ajiye takalma.

"Inna lillahi! Wace marar tarbiyya ce ta yi wannan jeri?"

Amadu ya matso ya ga kansa, ya washe baki. "Ashe na'urar ta san mutane."

"Koma bakin ƙofarka, Baba Amadu."

Mainasara ya danne hoton wakilin Hakimi ya ja shi sama, ya sake. Hoton ya koma ƙurya. Ya sake ja, ya koma. Ya ja a hankali, yana cewa, "Ranka ya daɗe, bismilla, nan ne wurinka." Ya koma. Ya ja da ƙarfi har linzami ya faɗo daga tebur. Ya koma.

"Tawali'u gare shi," in ji Ikrima. "Ka bar bawan Allah inda yake so."

Cikin fushi Mainasara ya dafe kibod da hannun hagu, ya murza ɗan gargaren linzami da na dama. Nan take hotuna suka kumbura, har hancin Liman ya kusa cika taga. Ya murza baya, suka ƙanƙance, suka ƙanƙance, sai fuskoki suka ɓace ɗungurungum, aka bar sunaye tsirara a jere da kwanan wata a gefe, kamar rajistar aji.

Daidai lokacin Malam Kalilu ya yi sallama.

Ya tsaya bayan kujera, ya gyara tabarau. "Ina fuskokin?"

"Allah gafarta Malam, na rufe su ne saboda ƙura."

"Ƙura. A cikin gilashi."

"Ta zamani ce, ba a ganinta."

"Mainasara, wata goma sha huɗu na yi. Akwai hoton da sai da na je gidan sau biyar kafin tsohuwa ta yarda ta ciro shi daga ƙasan adaka. Sittin da uku na kawo. Ranar Asabar zan ƙirga. In na ga sittin da biyu, ni da kai ne."

"Ko sittin da huɗu kake so, Malam, sai a ƙaro."

"Sittin da uku na ce."

Da Malam ya fita, Mainasara ya yi ta murza gargare har fuskoki suka dawo. Ya kori Ikrima daga taga, ya rufe ƙofa, ya ci gaba da kokawa da wakilin Hakimi shi kaɗai. A wani ja da ya yi, hannunsa ya wuce gona da iri, ya fitar da hoton daga tagar gaba ɗaya, ya sake shi a filin fuskar kwamfuta, inda babu komai sai shuɗi. Hoton ya tsaya. Ya matsa shi dama, ya tsaya a dama. Ya matsa shi hagu, ya tsaya a hagu.

Mainasara ya miƙe ya yi taku biyu na rawa. Ashe cunkoson ɗaki ne manya ba sa so! Fili suke so, kamar kowane babban mutum.

Nan dabara ta zo masa, irin wadda ba mai yin ta sai sanƙira. Zai kafa rumfa a cikin kwamfuta. Ya jawo wakilin Hakimi ya zaunar a sama, a tsakiya. Dagaci a damansa, Liman a hagunsa. Sahu na biyu masu unguwanni. Sahu na uku 'yan kasuwar da suka sayi kwanon rufin makarantar. Ya bar 'yar hanya a tsakiya, don ko a hoto bai kamata a tsallaka manya ba. Ya ba kowa sarari, don babban mutum ba a matse shi. Ya haddace wurin kowa, yadda ranar biki ba sai ya duba ba: ya yi kirari, ya danna, fuska ta fito.

Da ya zaunar da arba'in, rumfa ta cika. Saura ashirin da uku a folda, ba wurin zama.

Ya duba ya duba, sai ya ga wani ɗan kwando a kusurwa. Ya gwada jefa mutum ɗaya a ciki, ya shige lafiya, ba gardama. Madalla, in ji shi, ga zauren jira. Su zauna nan, in an gama da manya a fito da su.

To, wa zai jira? A nan ne halin mutum ke fitowa. Duk mai rawani ko mota ya sami rumfa. Waɗanda suka shiga kwando su ne malamai: matan da suka koyar a ƙarƙashin bishiya kafin a yi gini, marigayi hedimastan farko, Malama Zulfa, ita tun da wuri. Na ƙarshe a hannunsa Malam Kalilu ne. Mainasara ya tuna taswira, ya tuna bulala shida a aji huɗu, ya ce, "Malam, a ɗan jira," ya jefa shi. Amadu Maigadi kuwa ya tsira, don an bar shi can ƙasa a bakin hanya, wai ko rumfar hoto tana son mai gadi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malama Zulfa ta tare shi. "Yaya Mainasara, ko in zo mu gwada da majigin? Wani lokaci in an haɗa shi yakan canza…"

"Ƙanwata, ki ji da tabarmin mata. Abin da na shirya ko a Katsina ba a taɓa gani ba."

"Gwaji kawai."

"Ana gwada ruwa ne a kan wanda bai iya iyo ba." Ya buga aljihunsa, inda ya cusa linzamin kwamfutar da igiyarsa don kada wani ya taɓa masa aiki. Yini guda yana yawo da shi a kasuwa, wutsiyar na leƙowa, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa gobe za a ga aiki, kuma kowa ya tuna da shi a zaɓe.

Asabar da ƙarfe goma aka cika wasu azuzuwa biyu da ake cire allon tsakaninsu. Aka toshe tagogi da tabarmi don haske. Wakilin Hakimi ya zauna, Dagaci ya zauna, Liman ya zauna. Mata a baya, tsofaffin ɗalibai har waje. Malam Kalilu yana gefe da takarda da jan biro, zai yi maki.

Mainasara ya shigo cikin shadda mai ɗaukar ido, ya zaro linzami daga aljihu ya mayar jikin kwamfuta. Wanda ya kawo aron majigin daga Daura ya soka igiyarsa a bayan kwamfuta. Fuskar ta yi baƙi, ta ƙifta sau biyu, ta dawo. Abin da Malama Zulfa ta so faɗa jiya ke nan: majigin bai kai fuskar kwamfutar faɗi ba, saboda haka na'urar ta tattara duk hotunan ta tura su gefe guda, ta cakuɗa su yadda ta ga dama. Rumfa ta rushe. Mainasara bai gani ba, don ya ba bango baya, yana fuskantar jama'a, lasifika a hagu, linzami a dama. Ya ɗan saci kallo, ya ga hoto a sama, ya ɗora kibiya.

"Jama'a, a nutsu! Ga bango madafar bayi! Ga inuwar da ta rufe gabas da yamma! Hadari sa gabanka inda kake so! Wanda in ya yi tari gari ya amsa! Ranka ya daɗe, ga ka nan!"

Ya danna.

Amadu Maigadi ya cika bango, da gorarsa, da hularsa mai huji, yana dariya da haƙori uku.

Daga bakin ƙofa Amadu ya ɗaga gora ya ce, "Na gode, ɗan nan! Allah ya yi albarka!" Sai ajin ya fashe. Mata suka rangaɗa guɗa. Wakilin Hakimi ya ja gefen rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa.

Mainasara ya waiga, ya ga abin da ya gani. "Gwaji ne! Gwajin na'ura ne, ranka ya daɗe! Da ƙarami ake gwadawa!"

"Da wannan kirarin?" in ji Ikrima daga baya. "To me ka rage wa babba?"

Ya danna na gaba, yana kiran Dagaci, sai ga malamin wasanni, wanda motarsa ta cece shi daga kwando, cikin gajeren wando da usur a baki. Ya danna wani, ga Liman, amma ya hau kan malamin wasanni ya bar ƙafafunsa a waje, har aka ga Liman da rawani a sama, gwiwoyi tsirara a ƙasa. Liman ya ce, "Subhanallahi." Mainasara ya nemi rufewa, ya kama saman tagar ya ja, Liman ya bi kibiya yana yawo a bango, dama, hagu, sama, kamar an ɗaure shi a jela. Ya ƙara dannawa, na'urar ta yi shirun nan nata, ya bi ta da duka, sai ga Dagaci guda bakwai sun fito a jere, kowanne na leƙowa ta kafaɗar ɗan'uwansa.

Dagaci na gaske ya ce, "Mainasara, ni ɗaya ma garin nan da ƙyar yake ɗauka ta."

Duk wannan Malam Kalilu bai yi dariya ba. Ƙirga yake. Da aka samu tagogin suka rufu, ya miƙe, ya nuna bango da biro.

"Arba'in nake gani. Ina ashirin da uku?"

"Suna nan, Allah gafarta Malam. Suna zauren jira."

"Wane zaure?"

"Na musamman. Na keɓe su ne don girmamawa."

"Buɗe."

Da Mainasara ya san abin da kwandon nan yake, da ya ce wuta ta ɗauke. Bai sani ba. Cikin taƙama ya kai kibiya kusurwa, a gaban mutum ɗari uku, ya buɗe.

Rabin ajin nan sun yi boko, wasu ma'aikata ne a Daura da Katsina, kullum suna gaban irin wannan na'ura. Wata malamar asibiti ta dafe ƙirji. "Wayyo! Kwandon shara ne!"

"Kwandon me?" in ji Dagaci.

"Shara, ranka ya daɗe. Inda ake zuba abin da ba a so."

Ga su nan a bango, sahu sahu. Marigayi hedimastan farko, wanda 'ya'yansa suka taso tun daga Babban Mutum suna zaune a sahu na biyu. Matan ƙarƙashin bishiya, biyu daga cikinsu na zaune a wurin da sandunansu. Malama Zulfa. Malam Kalilu, da tabarau, yana kallon jama'a daga cikin shara.

Ba wanda ya yi dariya yanzu. Wata tsohuwa ta ce, "Ni ce waccan? Ni da na koya masa wanke hannu?"

Malam Kalilu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Shekara talatin da biyar ina koyarwa. An biya ni da jinkiri, an yi mini canjin wuri sau tara, ban taɓa kai ƙara ba. Yau ɗalibina ya zuba ni a bola a gaban Dagaci. Fito da mu."

"Yanzu, Malam! Yanzun nan! Abu mai sauƙi!"

Malama Zulfa ta taso daga baya tana ratsa mata. "Yaya Mainasara, kada ka taɓa komai! Ɗaga hannunka!"

Ita ce kalmar da ta ƙarasa shi. Zulfa ta zo ta gyara a gaban masu zaɓe? Ya hango wani maɓalli a saman tagar mai hoton kwando, ya ce lallai wannan ne mai juye su waje. Ya danna. Na'urar, wadda ta fi shi hankali, ta fito da tambaya da Turanci, tana neman ya tabbatar.

"A'a!" in ji mutum wajen hamsin.

"Ji ta," in ji Mainasara a lasifika, "wai tambayata take ko na tabbata. Ni!" Ya danna.

Kwamfutar a haɗe take da lasifikar biki. Ƙarar ta fito har waje: ƙaras, kamar an dunƙule takarda. Tagar ta yi fari fat.

"Sun fito?" in ji Amadu Maigadi, yana duba ƙasa.

Malama Zulfa ta iso, ta dubi bango. "Sun tafi."

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Ɗan marigayi hedimasta sai da mutum uku suka riƙe shi. Mainasara ya ce janareto ne, ya ce majigin Daura ne, ya ce an yi masa asiri a linzami. Wakilin Hakimi ya tashi ya ce yana da wani taro a Dutsi. Aka yi zaɓe a tsaye, da ɗaga hannu. Malama Zulfa ta sami ɗari biyu da goma sha ɗaya. Mainasara ya sami biyu, nasa da na Amadu Maigadi.

Ya ɗauka an gama. Malam Kalilu bai gama ba. A gaban Dagaci ya zaro takarda, ya rubuta sunaye ashirin da uku da jan biro, kowanne da garinsa da unguwarsa.

"Ranka ya daɗe, ba na neman a dake shi, ba na neman a ci shi tara. Haƙƙi nake nema. Yadda na bi gidajen nan, shi ma ya bi su. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya faɗa da bakinsa inda ya saka mai hoton, ya nemi gafara, ya sake aro. Maigida ya sa hannu a nan. Ba aike, ba waya."

Dagaci ya ce, "Ya yi daidai."

Kwana goma sha tara Mainasara ya yi a kan babur. A Baure aka bar shi a zaure tun hantsi har azahar, aka ce ai ya san zauren jira. A Dutsi wata tsohuwar malama ta sa shi karanta jadawalin bakwai kafin ta sa hannu, ya kuma faɗi a bakwai sau takwas. A Babban Mutum sai da ya koma sau huɗu. Ya rame, shaddar ta koɗe, muryar da ke cika fili ta koma kamar ta mai mura.

Ranar da ya cika na ashirin da uku, ya shigo ofishin hedimasta da hotuna a ƙunshe cikin leda. Ya tarar da Malam Kalilu zaune, Malama Zulfa a gaban kwamfuta. A fuskar na'urar taga ɗaya ce a buɗe, hotuna a jere tsaf. Ya ga marigayi hedimasta. Ya ga matan ƙarƙashin bishiya. Ya ƙirga da ido. Sittin da uku.

Ledar ta kusa faɗuwa. "Daga ina?"

"Daga filashina," in ji Malama Zulfa. "Ban taɓa aiki ban ajiye kwafi ba. Tun ranar bikin da la'asar na mayar da su."

"Tun ranar… Malam! Ka sani?"

"A gabana ta mayar."

"To wahalar me na sha? Kwana goma sha tara! Tayata biyu ta fashe! Kare ya bi ni a Dutsi!"

Malam Kalilu ya karɓi takardar, ya bi sa hannun ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshe.

"Hoto na'ura ke mayarwa. Ban-haƙuri sai da ƙafa." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Ashirin da uku, daidai. Yanzu waɗannan na hannunka, amanar mutane ce. Gobe da safe ka fara mayar wa kowa da nasa."